Tabon Agogon Baffa

Ban so ba da aron agogon nan ba. A fara sanin wannan. Duk wanda ya ce da son raina na kwance shi na miƙa wa Isyaku ƙarya yake yi, ko da matata ce ta faɗa.

Agogon na Baffa ne, mahaifinmu, Allah Ya ji ƙansa. A wata masaƙa a Bompai ya yi aiki tun yana saurayi har ranar da aka garƙame ta da kwaɗo. Lokacin da aka kawo sababbin injinan saƙa, wani Bature injiniya ya biyo su daga Siwizalan don ya kafa su. Baffa ne mai riƙe masa sifana, shi ne mai shiga ƙarƙashin inji inda tumbin Baturen ba ya shiga. Ranar da mutumin zai koma ƙasarsu, ya kwance agogon hannunsa ya ɗaura wa Baffa. Ba irin na yanzu ba ne da ake zubawa a faranti a bakin titi, batir ya ƙare a jefar. Farin ƙarfe ne mai nauyi, da hannu ake wana shi, fuskarsa ta tsufa ta koma launin man shanu. Dillalan agogo na cikin gari sun sha tare Baffa a bakin masallaci. Amsarsa ɗaya ce, ba na sayarwa ba ne.

A gefensa, daidai inda lamba tara take, akwai tabo. Wani tsagi ne mai zurfi, kan farce yana shiga. Wata rana ana cikin aiki ƙoshiya ta kuɓuce daga inji, wato itacen nan mai bakin ƙarfe da ke kai zare yana dawowa da shi, ta taho kamar an harbo ta. Baffa ya ɗaga hannu ya kare fuskarsa. Agogon ta sara. Da babu shi jijiyar hannun za ta tsinke, kuma a wancan zamanin kafin a kai mutum asibiti ya gama zubar da jininsa a hanya. Lokacin Inna tana ɗauke da cikina. Kun ga ke nan ni da tabon nan kusan sa'annin juna ne.

Da Baffa ya rasu aka zo rabon gado, na ce a sa min agogon a rabona. Isyaku ƙanena, shi ne auta, ya zauna a gidan Dakata tare da Inna. Ni ina Panshekara, ina aiki a kamfanin jimar fata a Challawa. Ba wanda ya yi min musu, wasu ma dariya suka yi min.

Ban yi boko mai nisa ba, amma yadda Baffa ke kula da abin nan na haddace shi tsaf. Kullum bayan sallar asuba nake wana shi, a hankali, da zarar na ji ya fara tauri na tsaya. Ba na zuwa da shi Challawa. Wurin da ruwan sinadari ke cin takalmin roba, warin jiƙaƙƙiyar fata ke bin mutum har gadonsa, ba wurin agogon Baffa ba ne. Yana zaune cikin wani tsohon gwangwanin alewa a kan auduga, nesa da rediyo, don Baffa ya ce maganaɗisun sifika yana rikita masa tafiya. Juma'a da ranakun Sallah kawai yake hawa hannuna. In zan yi alwala na kwance shi na sa a aljihun gaba. Turare ba ya taɓa shi. In na dawo gida na goge masa gumi da ƙyallen tsohuwar singileti mai laushi, na bi lungunansa da tsinken sakace na fitar da dattin da ya maƙale. Maɗaurin kuma ni na yanka shi da hannuna daga jar fatar akuya, bayan na Baffa ya tsinke. Tabon shi ma ina goge shi, amma a hankali, kamar mai share wa jariri ido.

Sannan akwai maganar Inna.

Ni ɗan fari ne. Wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san ma'anar wannan. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. A hannun kakata na tashi. In na shiga ɗakin Inna na gaishe ta, bango take amsa wa. In tana da magana da ni, ko ina zaune a gabanta, sai ta ce, "A faɗa wa mutumin Panshekara kaza." Kunya ce, haka ta taras ana yi, ban taɓa riƙe ta da shi ba. Isyaku kuwa har ya yi gemu yana miƙe ƙafa a tabarmarta, tana shafa masa kai tana cewa Auta.

Bayan rasuwar Baffa sai yanar ido ta rufe mata gani. Juma'ar farko da na je gaishe ta da agogon a hannuna, ɗakin shiru, ta karkata kai ta ce wa bango, "Agogon Malam nake ji?" Na ce shi ne. Ta miƙo hannu tana lalube, ta kama wuyan hannuna, ta ɗora babban yatsa a kan tabon tana shafawa. Ta daɗe a haka. Da furfura a gemuna, amma ranar na fara sanin ɗumin tafin hannun uwata. Daga nan ya zama ƙa'ida. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci na hau babur zuwa Dakata, na durƙusa, ta kama hannun, ta nemo tabon, ta riƙe har mu gama gaisawa. Agogon mijinta take taɓawa, ba wanda zai ce ta yi rashin kunya.

Ana nan sai Isyaku ya tashi aurar da 'yarsa Badi'a. Shi a Sharada yake aiki, a kamfanin tukwanen alminiyam, a kan injin folish. Tukunya ta zo masa dusu-dusu, ya kara ta a jikin faifan da ke juyawa, ta fito tana ɗaukar ido. Shekara da shekaru abin da yake yi ke nan. Duk abin da ba ya ƙyalli a wurinsa datti ne.

Ya zo Panshekara ya same ni ina cin tuwo.

"Yaya, wata 'yar alfarma na zo nema."

"Ina jin ka."

"Agogon Baffa. Ranar ɗaurin aure kawai. Dangin angon nan manyan 'yan kasuwar Kwari ne, kowa da agogo kamar murfin kwano. Kada uban amarya ya fito hannu haka nan."

"Ka sayi na faranti, ya fi wannan ƙyalli."

"Haba Yaya. Ubanmu ɗaya fa."

"Gidan Dakata ma na ubanmu ne. Ka taɓa ganin na zo aron ɗaki?"

Matata Zulai ta sa baki daga madafi. "Baban Lubna, yini ɗaya ne fa. Haɗiye shi zai yi?"

Na ce mata ba da ita ake ba. Isyaku ya tashi ya tafi yana ƙunƙuni.

Na san inda zai kai ƙara. Juma'a na je Dakata, Inna ta kama hannuna kamar kullum, yatsanta a kan tabon, ta ce wa bango, "A faɗa wa mutumin Panshekara, ƙanensa zai aurar da 'ya. Da Malam yana raye, da wannan agogon zai zauna a wurin ɗaurin auren."

Shi ke nan. Wa zai yi musu da wannan?

Ranar ɗaurin aure da safe ni na ɗaura masa da hannuna.

"Saurara. Kada ruwa ya taɓa shi. In za ka yi alwala ka kwance. Kada ka fesa masa turare. Kada ka wana shi, na riga na wana. Kada ka cire ka ba wani ya gani."

"Na ji, Yaya."

"Maimaita."

Ya maimaita yana dariya, har da ɗaga yatsa sama kamar a gaban alƙali. Na jero masa duk abin da hankali zai kawo. Abin da hankali ba zai kawo ba shi ne ban faɗa ba.

A wurin ɗaurin aure ban ji abin da liman ya ce ba, idona yana kan hannun Isyaku. Ya naɗe hannun babbar riga har kafaɗa, duk wanda ya zo gaisawa sai ya duba lokaci. Da aka shafa fatiha na nufe shi, jama'a suka yi gaba da shi. Da yamma na kira shi a waya, ya ce baƙi sun yi yawa, zai kawo min da kansa.

"Yaya, ai ba a mayar da kayan aro a tsaitsaye."

Na ɗauka maganar ladabi ce kawai. A gidanmu haka Inna ta koyar: in ka ari tukunya ka dirje ta da toka kafin ka mayar, in riga ce ka kai wanki da guga, in babur ne ka wanke shi ka zuba mai. Kayan aro ba ya komawa yadda ya zo, sai ya fi. Ni ma haka nake yi. Amma ko a mafarki ban kawo agogo cikin wannan ba.

Ranar Talata da la'asar ya iso, kai tsaye daga Sharada, baƙar ƙurar folish a gefen hancinsa, babban yatsansa na dama a naɗe da bandeji. Ya ajiye ledar cincin da alewar biki. Sannan ya ciro wani sabon hankici fari ya ɗora a tabarma, yana buɗe shi sannu a hankali kamar mai sayar da zinari.

"Yaya, rufe ido."

"Ba ni agogona."

Ya buɗe. Wani abu ya kashe min ido. Da farko na ɗauka musanya min ya yi. Gefunan nan masu kaifi duk sun zama sumul kamar sabulun da aka daɗe ana wanka da shi. Ƙarfen ya koma madubi, har hancina nake gani a ciki. Na juya shi wajen lamba tara. Na sa farce. Farcen ya zame.

Zulai ta leƙo ta kafaɗata. "Kai! Masha Allah! Kamar yau aka fito da shi daga kanti. Isyaku, Allah Ya yi albarka."

Na ce, "Ina tabon?"

"Ai shi ya fi ba ni wahala, Yaya. Zurfi gare shi. Sai da na fara cin sa da samfefa mai kaushi, na bi da mai laushi, sannan na kara shi a faifai. Lokacin hutu na yi, ko abinci ban ci ba. Abin ƙarami, faifan babba, ka ga har ya ɗebe min fatar yatsa. Amma ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba, yadda ka ce. Maɗaurin ma sai da na cire na ajiye gefe."

Yana faɗa yana murmushi, yana jiran godiya.

"Tukunya ce?"

"Na'am?"

"Isyaku, na ce tukunya ce?"

"Yaya..."

"Wa ya aike ka? Wa ya ce maka datti ne? Abin da ya tsaya tsakanin ubanka da kabari, shi ka sa wa samfefa? Tun kana rarrafe kake ganin sa a hannun Baffa. Ka taɓa ganin ya kai an goge? Ko shi bai san hanyar masu folish ba ne, sai kai?"

"Wallahi alheri na nufa. Cewa na yi kada na dawo maka da shi da gumina."

"Gumi ƙyalle ke goge shi! Da ka dawo min da shi da gumin, da miyar biki, da komai!"

Zulai ta ce, "Baban Lubna, maƙwabta na ji. Mutum ya hana kansa abinci, ya ji ciwo, ko sannu ba za ka ce ba?"

"Sannu? In ce masa sannu? To sannu, Isyaku. Sannu da aiki. Gobe ka zo da samfefar ka goge wa Inna tsagar fuskarta, ita ma ta koma sabuwa."

Da na ambaci Inna sai murmushin ya ɗauke. A gidan yake, yana ganin abin da take yi duk Juma'a. Sai a lokacin abin ya faɗo masa. Ya dafe kai ya ce, "Inna lillahi." Na ce ya kwashe alewarsa ya ba ni wuri.

Washegari na je wurin aiki. Mu ma a Challawa muna da injin da ke goge fata. Akuyar da ƙaya ta yage ta, ko kaska ta cije ta, in an jeme fatar tabon yana nan. Sai a kara ta a inji a ci fuskarta har tabon ya ɓace, a bi da fenti. Mai kallo daga nesa zai ce ta fi kyau. Amma mu da ke riƙe ta mun san an rage ta, kuma ba a haɗa ta da ta gaske. Ranar duk fatar da ta fito daga injin nan sai na ji kamar na shaƙe wani.

Da aka tashi na wuce wurin Malam Yahaya mai gyaran agogo a bakin kasuwar Sabon Gari. Tsoho ne, yana zaune bayan ɗan akwatin gilashi. Shi ke wanke wa Baffa cikin agogon yana sa masa mai duk bayan 'yan shekaru, ni ma wurinsa nake kaiwa. Ya maƙala ɗan madubinsa a ido, ya juya agogon, ya sake juyawa.

"Malam Ɗayyabu, wa ya yi wannan ta'asa?"

"Ƙanena."

"Uwa ɗaya?"

"Uwa ɗaya, uba ɗaya."

"To Allah Ya ba ka haƙuri, tunda ba halin duka."

Ya buɗe bayansa, ya hura, ya bi da wani ɗan burushi. Ya ce, "Cikin lafiya lau. Ƙurar folish a bakin ƙofa ta tsaya, na share. Amma masu neman irin wannan, da sun ga an goge shi haka suke ja da baya. Tsufan suke so."

"Ni ba sayarwa na zo yi ba. Tabon nake so ya dawo."

"Ƙarfen da aka cinye yana cikin ƙurar Sharada. Wani ma yana hancin ƙanen naka."

Muna haka wayata ta yi ƙara. Isyaku ne.

"Yaya, wallahi ko barci ban yi ba. Amma na samo dabara. Ka kawo shi, da ƙaramin magagari zan mayar da tsagin daidai inda yake. Inna ba gani take ba, ba za ta..."

Na kashe wayar. Ku ji fa. Wanda ya share, shi ne kuma zai zana.

Malam Yahaya ya ji komai. Ya ce, "In dai za a yi, gara ni na yi. Hannuna ya fi nasa sanyi, kuma na san tabon, na sha riƙe shi." Ya ɗauko wani magagari siriri kamar allura ya ajiye a gabana.

Na daɗe ina kallon magagarin nan. Jibi Juma'a. In Inna ta laluba ba ta ji tabon ba, me za ta riƙe? Sakin hannun za ta yi, mu koma yadda muke, ni ina gaisuwa ita tana amsa wa bango. Ga shi kuma abu mai sauƙi, kafin na sha ruwa an gama.

Sai na hango kaina duk Juma'a a durƙushe, ina kallon uwata tana shafa ƙarya, tana yi wa Malam addu'a a kan tsagin da aka yi a bakin kasuwa. Wancan ƙoshiya ce ta yi shi, saura ƙiris Baffa ya rasa ransa. Wannan ni zan sa a yi. Idonta ne ya tafi, ba mutuncinta ba.

Na ce, "Malam Yahaya, mayar da abinka."

Ranar Juma'a na ciro agogon daga gwangwani na goge shi kamar kullum. Ƙyallen sai zamewa yake, ba inda zai tsaya. Zulai ta ce ko na bar shi a gida, na ce wa Inna yana wurin gyara. Na ce mata in ƙarya nake so ai da tuni na yi mai kyau.

A zauren gidan Dakata na taras da Isyaku yana jira na.

"Yaya, bari na fara shiga na yi mata bayani."

"A'a. Kai ka gama aikinka. Bari ta ga aikin."

Muka shiga tare. Ya tsuguna a bakin ƙofa, ni na durƙusa a inda na saba.

"Inna, barkanku da Juma'a."

Ta amsa wa bango. Ta miƙo hannu ta kama wuyan hannuna. Yatsanta ya tafi kai tsaye inda ya saba zuwa. Ya zame. Ya dawo. Ya zagaya agogon gaba ɗaya, ya sake dawowa wajen. Sai ta sake ni.

Wallahi da marina ta yi ya fi min sauƙi.

"A tambayi mutumin Panshekara, agogon wa ya ɗauro?"

"Na Baffa ne, Inna."

"Na Malam yana da tabo."

Na juya na kalli Isyaku. "Ga mai bayani nan."

Isyaku ya ce, "Ni ne, Inna. A inji na goge shi. Yadda kuka koya mana, kada a mayar da kayan aro da datti. Ban yi tunani ba."

Inna ta ce, "Matso nan, Auta."

Ya matso. Ta laluba ta kama hannunsa, ta ci karo da bandejin.

"Wannan fa?"

"Injin ne ya ɗebe ni."

"Sannu. An sa magani?"

Kun ji ko? Shi ya yi ɓarna, shi ake wa sannu. Ni da aka yi wa ina durƙushe a gefe kamar baƙon da ya ɓata hanya. Tunda nake ban taɓa mayar wa Inna magana ba, amma ranar bakina ya kuɓuce.

"Inna, ku yi haƙuri, amma sai na faɗa. Ni ban so bayarwa ba. Ku kuka ce a ba shi. Shi yana da gida, yana da ku safe da yamma. Ni abu ɗaya ne nake zuwa da shi ɗakin nan, shi ma..."

Na dafa ƙasa zan tashi.

Inna ta saki hannun Isyaku. Ta ce, "Auta, kai sakarai ne. Tukunya na ce, ban ce kayan ubanka ba. Tashi ka ba ni wuri. Je ka kawo wa yayanka ruwa."

Ya fita sumsum. Ɗakin ya rage daga ni sai ita, babu wanda za a aika da magana. Sai ta tambayi bango:

"Agogon yana tafiya kuwa?"

"Yana tafiya."

"A kawo a ji."

Na fara kwance maɗaurin.

"Ba a ce a kwance ba."

Ta miƙo hannu biyu ta kama wuyan hannuna, ta ɗaga shi ta kara agogon a kunnenta. Bayan hannuna ya kwanta a kumatunta, a kan tsagar fuskarta. Ta rufe idon da dama ba ya gani, tana saurare. Ni ba na jin agogon, numfashinta nake ji a hannuna.

"Muryar tana nan," ta ce. "Wannan injin Auta bai kai gare ta ba."

Ba ta sake ni ba sai da ta ji takun Isyaku a tsakar gida. Sannan ta ajiye hannun, ta gyara mayafi, ta koma ga bangonta.

Tun daga ranar haka muke yi duk Juma'a. Amma kada wani ya zo yana ce min ai abin ya zo da alheri. Zulai ta gwada, na ce ta kama bakinta. Tabon ya tafi, ba zai dawo ba. Jikokin Baffa labari kawai za su ji, babu inda za su sa farce. Kullum da asuba in na gama wana agogon, yatsana da kansa yake zuwa wajen lamba tara, ya zame, raina ya ɓaci sabo fil.

Isyaku yana gaishe ni ina amsawa, don Inna. Makon jiya ya zo Panshekara, ya hangi gwangwanin alewar a kan tebur. Ya ce, "Yaya, ga tsatsa nan ta fara cin murfin. Ba ni na ɗan goge maka."

Na sunkuya na ɗauki takalmi.